Shin wayata tana sauraron hirarmu a majalisa?

Wani malamin makaranta daga Tudun Wada a Zariya ya aiko da tambaya: "Daren Asabar muna zaune a majalisa bayan Isha'i, hira ta kai mu kan sola, saboda rashin wuta ya ishe mu. Ni dai ban taɓa rubuta kalmar sola a wayata ba. Da safe ina buɗe Facebook sai ga tallan batir da faifan sola suna biye da juna kamar an aiko su. Shin wayar nan sauraronmu take yi? In haka ne, mene ne abin yi?"

Malam, sannu da haƙuri da zafi da duhu. Tun ina gyaran waya a wani ɗan shago a Sabon Gari, kafin na koma rubuta manhaja da kula da na'urorin sadarwa, babu tambayar da aka fi yi mini kamar wannan. Wani ya ce hirar aure suka yi sai ga tallan gado. Wata ta ce ciwon baya ta ambata sai ga mai maganin gargajiya. Akwai dattijon da ya rantse mini cewa shi ko furtawa bai yi ba, a zuci kawai ya raya zai sayi awaki. Na ce Baba, wannan kuma ta fi ƙarfin sana'ata, sai dai a kai wa malaman zaure.

Amsata ita ce, da wuya ƙwarai a ce wayarka ta saurare ku. Sai dai kada ka yi saurin ajiyar zuciya, domin ba kunya ce ta hana ta ba. Ba ta da buƙatar kasa kunne ne. Abin da za ta ji a bakinku an riga an kai mata shi ta wata ƙofar, kuma mu da kanmu muka kai.

Mu fara da lissafin da kowane Bazazzagi zai gane, wato lissafin data. Murya in an naɗe ta aka matse yadda ake matse muryar kira, tana cin kamar megabayit 7 a awa guda. In waya ta wuni ta kwana tana naɗa tana aikawa, an doshi megabayit 170 a rana ke nan, wajen gigabayit 5 a wata. To, ka dubi mutanenmu. Wanda ke kashe data kafin ya amsa sallama, wanda ya san ragowar megabayit ɗinsa fiye da yadda ya san shekarun 'ya'yansa, shi za a zare wa gigabayit 5 duk wata ya yi shiru? Balle tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025. Da tuni an ji kururuwa daga Kwangila har Ƙofar Doka.

Mai wayo zai ce ai ba sai an aika muryar ba, wayar za ta iya mayar da ita rubutu ta tura kalmomin kawai. A ilmance hakan mai yiwuwa ne. Amma aiki ne mai shan batir, waya za ta riƙa ɗumi a aljihu kamar dankalin da aka ciro daga toka, ta mutu kafin la'asar. Sannan ka tuna yadda majalisarku take. Mutum 8 suna magana lokaci guda, janareton mai shayi yana ruri, Keke Napep na wucewa, wani ya ƙure rediyo yana jin labaran duniya. Manhajojin da nake gwadawa a ɗaki shiru, ina magana dalla-dalla kamar mai karanta wasiyya, har gobe suna tuntuɓe da Hausa. Ina ga Zazzaganci, wanda Kanawa ma, da ake kyautata zaton mutane ne, suke cewa sai da tafinta.

A watan Afrilun 2018 an titsiye Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, a gaban 'yan majalisar dattawan Amurka, aka yi masa irin tambayarka, ya ce ba sa yi. Maganarsa ba ita ce hujjata ba, ai mai kaya ba ya kushe kayansa. Hujjata ita ce akwai dubban masu bincike a duniya da ba su da aikin da ya wuce jona waya da kwamfuta suna kallon duk abin da ke fita daga cikinta, kuma duk wanda ya kama Facebook da hannu dumu-dumu yana satar murya ya yi suna har jikokinsa. A wannan shekarar ta 2018 wasu masana a jami'ar Northeastern da ke Boston suka gwada manhajojin Android fiye da 17,000. Ba su kama ko ɗaya tana kunna makirfo a ɓoye tana aika murya ba. Abin da suka kama ya fi ba ni tsoro: wasu manhajojin suna ɗaukar hoton fuskar waya, har da bidiyon abin da mutum yake latsawa, suna tura wa wasu kamfanoni. Wayoyin yanzu ma suna tona asiri da kansu. Daga Android 12 zuwa sama, duk manhajar da ta taɓa makirfo ko kyamara sai wani ɗan koren ɗigo ya bayyana a saman allo. A iPhone ɗigon makirfo ruwan lemo ne, tun 2020.

Ba wai ba a taɓa sauraron kowa ba. A 2019 ta fito fili cewa Apple da Google da Amazon suna biyan mutane su saurari wasu daga cikin muryoyin da Siri, manhajar Apple mai amsa umarnin baki, da takwarorinta suka naɗa, wai don gyara kurakurai, kuma a ciki har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure, lokacin da na'urar ta zaci an kira sunanta. Apple ya ba da haƙuri, daga baya a farkon 2025 ya amince ya biya dala miliyan 95 don a kashe wata ƙara kan lamarin. Akwai kuma Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ke shiga waya ko mai ita bai taɓa komai ba, ta buɗe makirfo da kyamara da saƙonni. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara kan kutsen da aka yi wa kimanin mutum 1,400. Amma wannan kayan gwamnatoci ne, ana ɗana wa 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutuka. Ni da kai, Malam, ba mu kai a kashe mana waɗannan kuɗin ba, kuma wannan na cikin ni'imomin talauci da ba a cika gode wa Allah a kansu ba. Wadda ta fi kusa da mu ita ce 'yar manhajar leƙe da miji ke sa wa matarsa, ko budurwa ta sa wa saurayi lokacin da ya shiga alwala. Ina shago an sha kawo mini wannan kwangilar da kuɗi mai tsoka. Ban taɓa karɓa ba, amma na san layinmu ba kowa ke mayarwa ba.

To ta ina tallan sola ya biyo? Bari na mayar da kai daren Asabar. Ana cikin musu kan farashin batir, ɗaya daga cikinku, kuma ka san ko wane ne, ya zaro waya ya ce bari a duba a daina gardama. Ya rubuta a Google, ya shiga shafin wani mai sayarwa a Kaduna ko Kano, wataƙila har ya leƙa shafinsa na Facebook. Galibin irin waɗannan shafuka akwai wani ɗan guntun umarni na Meta, kamfanin da ke da Facebook, a maƙale a jikinsu, aikinsa kawai ya kai rahoto cewa wane ya zo, ya duba kaza, ya daɗe minti kaza. Wannan abokin naka abokinka ne a Facebook. Lambarka tana wayarsa, tasa tana taka, kun kuma ba manhajar izinin kwashe lambobin tun ranar da kuka sauke ta. In datarka ta ƙare shi ke jona maka tasa, sai ku fita intanet ta ƙofa ɗaya. Wayoyinku kuma suna zama wuri guda daga ƙarfe 8 zuwa 11 kusan kullum. Na'ura ba ta buƙatar jin ko kalma ɗaya kafin ta gane cewa waɗannan tsintsiya ɗaya ce, abin da ya dami ɗaya ya dami sauran.

Wannan ma hanya ce mai tsawo. Akwai gajera, kuma na fi zargin ta. Na sha sa wa 'yan kasuwa talla a Facebook, don haka na san yadda allon yake. Za ka buɗe taswira ka dasa tsinke a tsakiyar Zariya, ka ja da'ira ta kilomita 20 ko 25, ta haɗiye Samaru da Shika da Wusasa da Ɗanmagaji. Ka zaɓi maza, shekara 30 zuwa 55. Ka sa naira dubu kaɗan a rana, ka danna. Shi ke nan. In kana da jerin lambobin tsofaffin kwastomominka ma kana iya lodawa ka ce a nemo maka masu kama da su. Yanzu ka sa kanka a matsayin mai sayar da sola. Watan Maris ne ko Afrilu, gari ya ɗau zafi, wuta ta zama baƙuwa. Wa za ka nufa in ba magidanci mai albashi a Tudun Wada ba? Abin da ya sa ku hirar sola shi ne ya sa shi tallan sola. Rana ɗaya ce take dukan ku duka.

Akwai kuma wasan da ƙwaƙwalwa ke yi mana. Ranar da ka sayi mashin ruwan toka, ranar za ka ga ashe rabin mashinan unguwar PZ ruwan toka ne. Ina da yaƙinin tallan sola ya sha wucewa ta gabanka kana ture shi da babban yatsa, kamar yadda kake ture tallan takalmi da na makarantar koyon tuƙi. Sai da kuka yi hirar idonka ya tsaya a kai. Talla ɗari da ba su dace da hirarku ba babu mai tuna su, guda ɗayan da ya dace shi ake kai wa majalisa. In ka sake ganin irinsa, taɓa ɗigo ukun da ke gefensa, akwai wurin da za su gaya maka dalilin da ya sa aka nuna maka shi. Ba duka gaskiyar suke faɗa ba, amma abin da suke faɗa ya isa ka riƙe baki.

Ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga wajen dala biliyan 135, kusan dukkansu daga talla. Kai ko sisi ba ka taɓa biyansu ba. Mai talla ne kwastoma, mu kuma mu ne kayan da aka baza a faifai. Wani lokaci kayan kan zube a hanya. A 2018 aka gano kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan mutum har miliyan 87 ta hanyar wata 'yar manhajar tambayoyi, irin waɗannan na "amsa ka ga wane irin hali gare ka". Shekara guda bayan nan hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala biliyan 5. A Afrilun 2021 lambobin waya da sunayen mutum miliyan 533 suka bazu a intanet kyauta, har da na 'yan Najeriya. A nan gida ma, a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta yanka wa Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayananmu. Duk wannan ɓarna babu inda aka buƙaci makirfo.

Mutane kan ce to WhatsApp fa, ba sun ce a kulle yake ba? A kulle yake, tun 2016, kuma kullin na ƙwarai ne, irin na manhajar saƙonni ta Signal suka ɗauka. Ka ɗauka ka ba direban tasha wasiƙa a liƙe ya kai Funtuwa. Ba zai iya karantawa ba. Amma ya san kai ka bayar, ya san wa za a kai wa, ya san jiya ma ka bayar da ƙarfe 1 na dare, shekaranjiya ma haka. Wani lokaci wannan ya fi abin da ke cikin wasiƙar daɗin gulma. Ajiyar hirarka da ke tafiya Google Drive kuwa ba ta samun irin wannan kullin sai in kai ka shiga saiti ka kunna. Na kuma tuna Janairun 2021, da WhatsApp ya sauya ƙa'idojinsa aka yi ta hijira zuwa Telegram. Guruf ɗin tsofaffin ɗalibanmu ma mun yi ƙaura da takbir, bayan mako guda muka dawo sumui-sumui domin babu wanda ya iya shawo kan iyayenmu mata su bi mu. Abin dariyar, hirar yau da kullum a Telegram ba ta da irin kullin da muka baro, sai ka buɗe hirar sirri da gangan.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne GBWhatsApp da 'yan uwansa. Mutum zai zauna yana zagin Zuckerberg kan satar bayanai, a hannunsa kuwa WhatsApp ne na jabu da wani yaro ya tura masa ta Xender a wurin masu tura waƙoƙi. Wa ya rubuta shi? Oho. Ina yake kai saƙonni? Oho. Don me ka sa? Don na ga saƙon da aka goge, na kuma karanta ba a san na karanta ba. Wato don ka leƙa asirin mutane ka miƙa naka gaba ɗaya ga wanda ko sunansa ba ka sani ba. Ranar da aka rufe layin kuma a zo shago ana salati.

A nan nake ganin mun bar jaki muna dukan taiki. A shekarun da na yi ina gyara, ban ga mutum ɗaya da tallan Facebook ya raba shi da kuɗinsa na banki ba. Waɗanda na gani suna kuka, ta kusa aka ci su. Mutum zai miƙo waya a gyara masa wurin caji, tun ban tambaya ba ya ce lambar sirrin 1234 ce, ko shekarar haihuwarsa, ko ya zana mini harafin L a iska. A cikin hotuna ga katin banki gaba da baya, ga takardar NIN, a cikin lambobi ga wani suna "BVN nawa". Ya tafi kasuwa ya bar mini rayuwarsa ta awa 3. Haka ake barin waya a wurin masu caji, a buɗe, cikin wayoyi 50. Shi kuwa ɓarawon waya na yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so. Ya cire sim ya sa a ƙaramar waya, ya danna lambobin banki, saƙon tabbatarwa ya shigo hannunsa. Kafin ka gama cigiya a masallaci an sayi kati da albashinka. Maganin wannan bai kai minti 2 ba: ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba, yadda duk wayar da aka sa shi sai ta nema. Ka dai kiyaye, in aka yi kuskure sau 3 sai an nemo lambar PUK, tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin.

Wata gwaggota a cikin gari, kwanakin baya, aka kira ta da azahar. Murya mai ladabi, sallama cikakkiya, har da tambayar jikoki. Ya ce Hajiya, daga guruf ɗin Islamiyya ne, za a yi taro ta waya da daddare, an turo miki lambobi 6 na shiga, karanto mini na sa sunanki. Ta gyara tabarau ta karanto masa tsaf, har ya sa mata albarka. Kafin la'asar WhatsApp ɗinta ya koma hannunsa, ana ta aika wa 'ya'ya da surukai cewa tana asibiti a turo dubu 30. Biyu sun tura. Ɗaya surukin da bai tura ba, har yau ana yi masa kallon marowaci, alhali shi kaɗai ya yi tunanin kiran ta ya ji muryarta. Da ta kunna matakin tsaro na biyu, wato lambar sirrin da WhatsApp ke nema bayan waɗancan lambobi 6, da mutumin ya tsaya a ƙofa. Na kunna mata yanzu. Ta zaɓi lambar, ta kuma faɗa wa duk wanda ke tsakar gidan don kada ta manta.

Manhajojin bashi kuwa sai dai addu'a. Za su ba ka dubu 10 cikin minti 5, ba jingina ba shaida, illa ka danna ka yarda su ga lambobin wayarka da hotunanka. Jinginar ke nan, mutuncinka. Ka yi lattin kwana 2, sai surukinka da limamin unguwa da shugaban makarantarku su samu saƙo cewa kai ɓarawo ne ana nemanka. Abin ya yi ƙamari har FCCPC ta fara kai musu samame a 2022, Google kuma a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna. Waɗanda ake turawa ta linki a guruf ba su san da wannan doka ba. Haka linkin "tallafin gwamnati, cike kafin ƙarfe 12" da na "kyautar data gigabayit 50, tura wa guruf 5". Abin da ke ba ni mamaki, masu digiri ne kan gaba wajen turawa, su ƙara da cewa "ko da gaske ne, a gwada".

Wani abin ma ba ya buƙatar intanet. Na taɓa sayen ƙosai da safe a hanyar Samaru, ina buɗe takardar sai ga fom ɗin wata baiwar Allah: hoto, cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya, lambar NIN, sunan unguwa, mai ya jiƙa rabin fuskarta. Daga wani shagon hoto da cike fom aka auno takardun a kilo. Tun Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, babu lungun da ba mu bar kwafin takardar nan ba. Muna da doka, an sa mata hannu a Yunin 2023, da hukuma mai suna NDPC da aka ɗora wa kare bayanan jama'a, kuma dokar ta ba ka ikon tambayar kamfani me ya tara a kanka, har ka nemi ya goge. Doka ce mai kyau a takarda. Sai dai kafin ta iso wurin mai ƙosai akwai sauran tafiya.

Truecaller, mai nuna maka sunan wanda ke kiranka, shi ma ka lissafa da shi. Ko ba ka taɓa sauke shi ba sunanka na iya kasancewa a ciki, domin daga wayoyin mutane ake tara sunayen, kuma ba sunan da mahaifinka ya raɗa maka ba, wanda suka ga dama suka sa maka. Na san wanda ya kira gidan da yake neman aure, wayar uban yarinya ta nuna "Kar A Ɗaga Bashi". Su kuma masu buɗe shafin ɓoye na burauza suna jin sun sha layar zana, su sani abin da yake yi kawai shi ne hana wayar ajiye tarihin inda aka shiga. Uwargida ba za ta gani ba, amma kamfanin layi da shafin da aka ziyarta suna ganinka tsirara. VPN na kyauta, wato manhajar zagaye shingen intanet, da muka rungumo lokacin da aka rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, shi ma haka: ka ɓoye wa kamfanin layi hanyarka ka nuna wa wani baƙo, wanda bai gaya maka da me yake biyan kuɗin na'urorinsa ba.

Abin yi, Malam, ba jefa waya a rijiya ba ne. Ka samu yammaci guda ka shiga saiti, wurin izinin manhajoji, ka duba su wa ka ba makirfo, su wa ka ba wurin da kake, su wa ka ba lambobi. Za ka sha mamaki. Tocila ba ta da hujjar sanin lambar matarka, manhajar lokutan salla tana buƙatar sanin garinku amma ba ta buƙatar bin ka har makewayi, ka sa mata "sai lokacin da nake amfani da ita". Duk wadda ka yi wata 3 ba ka buɗe ba, goge ta. A saitin Google akwai lambar talla da aka liƙa wa wayarka, kana iya share ta. Talla ba zai daina zuwa ba, zai dai rage saninka. Ka kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook da imel, ka kulle sim, ka kwashe hoton katin banki daga cikin hotuna. In za ka kai gyara, cire sim da katin ajiya, in aikin bai shafi allo ba kada ka ba da lambar sirri, in ya shafa ka ja benci ka zauna. Mai gyara na kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi, ɗauki wayarka ka ƙara gaba.

In kuma har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ga gwaji, ba ya cin ko kwabo. Ku zaɓi abin da babu ruwan kowa da shi a majalisar, misali kiwon jimina. Ku ajiye wayoyi a tsakiyar tabarma, ku yi dare 3 kuna hirar jimina da ƙarfi, abincinta, gudunta, ribarta. Sharaɗi ɗaya ne: babu mai rubuta kalmar a waya, babu mai tura wa wani, babu mai sa ta a sitatus. In tallan jimina ya fito, ka ɗauki hotonsa ka neme ni, shayi da ƙwai a wuyana har wata guda. Na dai san inda gwajin zai rushe. Wannan abokin naka mai raba gardama ba zai kai dare na biyu ba, zai zura hannu ƙarƙashin babbar riga ya duba nawa ake sayar da ƙwan jimina.